Direban Tanka da Jirgi Mai Inji Huɗu

Yayana direban tankar mai ne, tun ina ɗan makaranta yake kan titi. A garejinsu Sannu-Sannu suke ce masa, domin ko gobara ce ta biyo shi ba zai ƙara wuta ba. Abokan aikinsa kan tsokane shi wai idan ya tashi da fetur, kafin ya isa rabinsa ya tsufa. Shi dai murmushi yake yi. Bai taɓa kifar da mota ba, bai taɓa take ko akuya ba, kuma da wannan yake taƙama fiye da gidan da ya gina.

Ni ne autan gidanmu, sana'ata gyaran waya da kwamfuta. Shagona ɗan ƙarami ne, fanka ɗaya, benci ɗaya, sai kwamfutoci biyu a bayan kantar shagon da nake wasan yaƙin jiragen sama a kansu idan kasuwa ta yi sanyi. Wasan ta intanet ake yinsa, kai da mutanen da ba ka taɓa gani ba, rabi naku rabi abokan gaba. Duk ranar da Yaya ya dawo daga tafiya, nan yake zuwa da hantsi ya sha shayi ya yi mini faɗa.

“Auta, da gemunka kake wasan yara?”

Haka ya yi ta yi mini, har ranar da na gaji na miƙa masa sandar tuƙin jirgin wasan na ce ya gwada. Na ba shi ƙaramin jirgi mai gudu, irin wanda kowa ke so. Bai ko tashi sosai ba ya kifa shi a gona. Ya ture sandar ya ce wannan ai babur ne, shi ba ɗan acaɓa ba ne. Sai idonsa ya kai kan wani ƙaton jirgi a jerin, mai inji huɗu, mai ɗaukar bama-bamai, wanda yara ke gudunsa saboda nauyi da rashin sauri.

“Wancan fa?”

“Yaya, wancan ba ya tafiya. Kafin ka hau sama an gama yaƙin.”

“Ba ni shi.”

Ban taɓa ganin mutum ya gane abu da wuri haka ba, har haushi ya ba ni. Ya bar jirgin ya cinye titin tashi kaf kafin ya ɗaga hancinsa. Bai nufi fagen daga kai tsaye ba, sai ya yi gefe yana hawa a hankali, yana duba zafin inji, har ya kai inda ƙananan jirage sai sun sha wuya kafin su iso shi. Ba ya yanka kwana. Ya ce kaya mai nauyi ba a ba shi mamaki, sai dai a lallashe shi. Idan ya saita wurin da zai saki bam, to ko sama za ta faɗo ba zai karkata ba sai ya sauke. Idan an kashe masa inji ɗaya, sai ya rage wutar na ɗaya ɓangaren, ya jawo jirgin gida yana ɗingishi. Ba a jima ba wasu ’yan wasan suka fara jera jiragensu a bayansa, suna jira ya shigo.

Jirgin yana da wurin mai bindiga, don haka ni nake zama a kwamfuta ta biyu, kusa da shi. Aikina harbi da kuma faɗa masa abin da ke zuwa. Yaya ne ya tsara hakan. Ya ce direban babbar mota gabansa yake kallo, gefe aikin karen mota ne, kuma haka suke yi da Dogo. Dogo shi ne karen motarsa, dattijo mai furfura, sun fi shekara goma tare a gaban tanka. To ni ma na zama Dogon jirgi. “Biyu daga dama, sama.” “Ɗaya a wutsiya.” Shi kuma ya ce, “Na ji,” ya gyara.

Na daɗe ban lura da komai ba, domin bakina ba ya hutawa. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne, idan hari ya zo ta hagu, sau da yawa yakan riga ni gani. Ta dama kuwa sai na faɗa. Wata rana injin dama ya kama da wuta, hayaƙi baƙi ƙirin ya cika wannan gefen allon, shi kuwa yana ba ni labarin wani ɗan sanda. Da na ce masa muna ci da wuta, sai ya juya kansa gaba ɗaya, har da kafaɗa, kafin ya gani. Kofin shayin da nake ajiye masa ta dama kuma ya sha kifewa. Da fari ina zaginsa a raina, ina goge teburi. Daga baya na daina zagin, tsoro ya maye gurbinsa.

Wata rana da azahar na yi abin da na san zai ɓata masa rai. Muna kan hanyar dawowa, wani jirgin abokan gaba ya taso mana ta dama, a fili, ba gajimare ba komai, yana ƙara girma a allo. Na kama bakina na yi shiru, ban harba ba. Ina kallon fuskar Yaya. Idonsa a buɗe, a kan allon, bai ko ƙifta ba. Sai da fiffiken ya guntule jirgin ya fara juyi sannan ya zabura.

“Kai me kake yi? Barci?”

“Ba ka gan shi ba, Yaya?”

“Aikina ne ganinsa? Don me na ajiye ka?”

Ya tashi ya fita bai ƙarasa shayinsa ba. Kafaɗarsa ta dama ta bugi ƙofar shagon, ya yi tsaki kamar ƙofar ce ta matso.

Kashegari na rufe shago na tafi garejinsu. Na sami Dogo a ƙarƙashin tanka yana duba iskar taya. Muka gaisa, na ja shi inuwa, na tambaye shi kai tsaye. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, alhali hannun ya riga ya fita.

“Auta, maigida ya san ka zo?”

“Bai sani ba.”

“To ni ban faɗa maka komai ba. Amma ya kai shekara. Duk abin da ke dama ni nake gani. Babur, mai tura baro, yaran makaranta, ni nake kira shi kuma ya taka birki. Ko gyangyaɗi ba na yi a mota yanzu.”

Na ce to har yaushe za a yi haka. Nan ya gaya mini sauran. Kamfanin ya kawo sabuwar doka: daga tafiya mai zuwa ba mutum na biyu a gaban mota, an maƙala kyamara, direba shi kaɗai. Su Dogo an mayar da su wankin tanka. Dogo ya roƙi Yaya ya je a duba idon, Yaya ya ce idan likita ya rubuta, kamfani ya gani, shi ke nan an karɓe makulli.

“Ni ba zan kai ƙarar maigida ba,” in ji Dogo. “Kai ne jininsa.”

Na koma shago raina a jagule. Haushin Dogo nake ji, da ya rufa masa asiri har abin ya kai nan. Haushin Yaya nake ji. Kuma tausayinsa ya hana ni sakat, domin mutumin nan ba shi da wani abu sai tuƙi. Da tuƙin ya aurar da yayyena mata, da shi ya kama mini shagon da nake zaune a ciki. Matarsa ba ta sani ba, ’ya’yansa ba su sani ba. Amma duk motar da ta wuce ta gaban shagon sai in ga tanka cike da fetur tana shiga kwanar kasuwa, da mai babur a damarta.

Yaya bai zo ba sai ranar da za su yi lodin mai. Ya shigo da safe da jakar tafiyarsa, ya ajiye ta a benci, ya ce kafin a kira shi mu tashi jirgin sau ɗaya. Fushin ya wuce masa, har da tsarabar lemo ya kawo mini. Na bari ya zauna sannan na ce na je wurin Dogo.

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

“Bincikena kake yi, Auta?”

“Idonka na dama ba ya gani, Yaya.”

“Yana gani. Hazo-hazo ne, gajiya ce.”

“Jirgi guda ya zo maka ba ka gan shi ba.”

“Jirgin wasa. A kan wasan yara za ka raba ni da abincina? Ni da na goya ka?”

Na ce masa jirgin na wasa ne, tankar ba ta wasa ba ce. Na ce idan ya hau motar nan shi kaɗai, ni da ƙafata zan je wurin manajansu. Ban san zan faɗi haka ba sai da na ji ta fita. Ya kalle ni kallon da bai taɓa yi mini ba, na ji kamar in nutse, amma ban janye ba.

Can ya juya ga allon ya gyara zaman sandar.

“Kashe taka kwamfutar. Zan kai bama-baman nan in dawo ba tare da bakinka ba. Idan na dawo lafiya, ka fita harkata.”

Na kashe. Na tsaya a bayansa na harɗe hannu don kada in nuna masa komai.

Gaskiya ban taɓa ganin ya tuƙa jirgin nan kamar ranar ba. Ya hau sama fiye da kullum. Yana tafe yana karkata jirgin kaɗan-kaɗan, yana juya wuyansa dama duk bayan ɗan lokaci, har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Wani ƙaramin jirgi ya biyo shi ta dama, Yaya ya hango shi da kansa, ya shige gajimare ya ɓace masa. Ya saki bama-bamansa daidai, ko ɗaya bai faɗi a banza ba. Ya juyo gida injinansa huɗu lafiya. Ina tsaye ban san abin da nake roƙo ba, ya yi nasara ko ya faɗi. Duka biyun tsoro suke ba ni.

Ya sauko da tayoyi, ya dira a titin a hankali, jirgin ko girgiza bai yi ba. Na ji ya sauke numfashi, kafaɗunsa suka saki. Ya rage wuta, ya karya kwana zuwa wurin ajiye jirage, yana cewa, “To, Malam Likita, sai ka...”

A bakin kwanar, ta dama, wani ɗan ɓangarenmu ya tsayar da ƙaramin jirginsa yana jiran gyara. Tun daga nesa nake ganinsa. Yaya ya daina juya wuya tun da tayarsa ta taɓa ƙasa, don a wurinsa an iso. Fiffikensa na dama ya share ƙaramin jirgin, wuta ta tashi, allon ya yi ja.

Hannunsa na kan sandar bai saki ba. Ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya duba hagu, ya duba sama.

“Wa ya harbe ni?”

“Ba wanda ya harbe ka, Yaya.”

“To me na taka?”

“Namu ne. A tsaye yake.”

“Tun yaushe yake wurin?”

“Tun kafin ka sauka.”

A ƙasan allon mai ƙaramin jirgin yana ta rubuto zagi, na miƙa hannu na kashe. Fanka na juyawa, a waje wani yana ƙwanƙwasa kantar shagon yana tambayar ko an gama masa waya, ban ko waiwaya ba. Yaya ya rufe idonsa na hagu da tafin hannu, ya daɗe a haka yana fuskantar inda nake tsaye. Ban san abin da ya gani ba, kuma ban iya tambaya ba.

Wayarsa ta fara ruri a aljihu. Ya ciro ta ya kawo ta gefen hagu ya karanta. Daga wurin lodi ne, layinsa ya zo. Ta yi ta ruri har ta katse, ta sake farawa. Sai ya miƙo mini ita.

“Ɗauka, Auta. Ka ce su ba wani motar. Ni bakina ba zai iya faɗa ba.”