Mai Ƙosan da Ke Fesa Magani a Iska

A tashar Ojoo ta Ibadan, Morenike mai kantin magani tana zaune a mota tana jiran ta cika, idonta na kan wata tsohuwa mai suyar ƙosai. Ƙaramar mace ce, ɗaurin kallabinta ya fi kanta girma, ƙirjinta na ta fito kamar butar shayi. Da gani ta daɗe tana shaƙar hayakin suyar nan.

Can sai tsohuwar ta kwance bakin zane, ta fiddo maganin shaƙa na asma. Maimakon ta sa a baki, sai ta fesa a iska kamar turare, ta bi shi da hanci.

"Iya, sauro kike kora?" in ji kwandasta.

"Rufe min baki, mai wuyan kwalba! Magani nake sha."

Morenike ta hango tambarin kantinta a jikin maganin. Fuskar ba ta tuna ba, amma ta tuna abin da take faɗa wa kowa in layi ya yi tsawo: "Bayani na cikin kwali, a karanta."

Ga takardar bayanin can a hannun kwandasta, ta sha mai, an naɗe masa ƙosai a ciki.

Direba ya tayar da mota. Morenike na ta cewa a ranta yanzu za ta sauka, har hayaki ya rufe tsohuwar.