Sai Ya Ga Cikin Motar

Mutumin nan ya hana idona hutawa. Safiyar Asabar ce a wani filin ajiye motoci a garin Laurel, inda ake baje kolin motocin tsere na kwaikwayo, manya na hawa, irin waɗanda ake sayo sassansu a haɗa a gida. Dogo ne siriri, da farar riga, yana kaɗa makullin tasi a yatsa. Sai kai-kawo yake tsakanin jar mota da shuɗiya, don masu su sun sa shi ya raba musu gardamar wadda ta fi.

Abin da ya yi wa wannan, shi yake yi wa waccan. Ya ƙwanƙwasa nan sau uku, can ma sau uku. Ya cire hula ya rufe tambarin kowacce kafin ya dube ta. Ina jin ɗan dillalin dabbobi ne daga wajen garin Tawa, inda ba a yabon rago sai an buɗe bakinsa.

Mai shuɗiyar wani tsohon Bature ne. Mai jar kuwa, likita ɗan Kano, ya ƙosa.

"Haba Malam, ni fa na gida ne. Faɗa masa tawa ta fi mana."

"Sai na ga ciki, Likita."

Ya kwanta kan kwalta da farar rigarsa, ya shige ƙarƙashin kowacce. Ya miƙe duk baƙin mai, yana karkaɗe gwiwa.

"Taka ta fi kyau, Likita," in ji shi. "Amma in ɗiyata za ta shiga ɗaya, ta tsohon nan za ta shiga."