Jakar Kamfani a Sikelin Budimka

A ƙauyenmu na Lipovac babu mai zuba irin tattasai sai Budimka ta dawo daga birni da jakarta. Ba doka ba ce, ba kuma wanda ya zauna ya tsara. Shekara ashirin da biyu ke nan ana yi, har yaran da suka tashi a ciki sun ɗauka dama can haka ake noma.

Tana da shekara goma sha bakwai ta shiga Kamfani. Sunansa a takarda dogo ne, mu dai Kamfani kawai muke cewa, tunda ba mu da wani. Shi ke yin taliya da biskit da garin miya da tumatirin gwangwani da ke cike da kantunan ƙasar nan. Amma abin da ya fito da sunansa aivar ne, gasasshen jan tattasai da ake ɓarewa a niƙa a soya da mai har ya yi kauri, a ɗura a kwalba. Tattasan kuwa daga gonakinmu yake fita.

Da ɓare fatar tattasai ta fara, shekara shida yatsunta ba su rabu da ja ba. Wata rana ta lashi cokali ta ce wa shugaban sashe an zuba wa tukunya ta uku tattasan da aka tsinka cikin ruwan sama. Ya daka mata tsawa, ya je ya bincika, ya dawo yana sosa ƙeya. Daga ranar aka ba ta farar riga da cokalin kanta, aikinta ya koma ɗanɗano. Shekara talatin da biyu babu tukunyar da aka sauke ba ta wuce ta kan harshenta ba. A nan ta haɗu da Vukashin, direban Kamfani, suka yi aure. Da ya rasu ya bar mata gona da rumfar renon iri da wani tsohon koren sikeli na auna tattasai.

Lokacin da gwamnati ta sayar da Kamfani an raba wa ma'aikata hannun jari, ta samu arba'in da uku. Kafin wata ya zagayo kowa ya sayar da nasa, wannan ya sayo talabijin, wancan injin wanki. Ita kaɗai ce ba ta sayar ba. Yau mutane suna cewa hangen nesa ne, amma ni na san gaskiyar. Ɓoyo ta yi wa takardar mai tsanani har ta manta inda ta sa, ba ta gan ta ba sai bayan masu saye sun tattara sun tafi. Shi ya sa duk Lipovac ita kaɗai ake aiko wa goron gayyata zuwa taron shekara na masu hannun jari, a tsakiyar watan Maris, kwanaki kaɗan kafin idin coci na Mladenci, lokacin da muke zuba iri.

Tare da gayyatar ake aiko da rahoton shekara, littafi mai sheƙi mai shafi ɗari da wani abu. Budimka ta iya karatu sarai, amma wannan littafi ya fi ƙarfinta. Takan kai shafi na shida, kanta ya ɗaure, ta mayar da shi abin ɗora tukunya mai zafi. Sai ta nemo hanyarta. A ƙarshen kowane taro ana ba kowa jaka da kayan Kamfani a ciki. Ta lura cewa shekarar da jaka ta yi nauyi, Kamfani yakan saye tattasan kwarin nan kakaf, shekarar da ta yi shafal kuwa sai a yi ta rowa. Akwai shekarar da ta dawo da kalanda da ƙunshin garin miya biyu kawai. Ta ce wa mutane su shuka rabi. Waɗanda suka ƙi ji, aladu suka zuba wa tattasansu a kaka. Daga nan sunanta ya tafi. Kilo uku, a shuka rabi. Kilo biyar, a cika gona. Gida goma sha ɗaya ke jiran wannan awo.

Bana ta hau bas ɗin safe da abu guda yana ci mata rai. Tihomir, wakilin Kamfani da ya saba zagayo gidajenmu da takardun yarjejeniya tun watan Fabrairu, bai leƙo ba. An kira wayarsa, ya ce yana tafe. An sake kira, ya ce yana tafe.

A ɗakin taro ta samu kujera a layi na tara, kusa da wasu tsofaffin ma'aikata da abincin rana kawai ke kawo su. Sabon shugaban Kamfani ya hau mumbari, matashi ne fes, takalminsa kamar bai taɓa taka ƙasa ba. Aka haska zane a bango, jan layi yana ta hawa. Ya ce ciniki ya ƙaru. Ya ce ribar bana ba a taɓa samun irinta ba tun kafuwar Kamfani. Aka tafa, Budimka ma ta tafa har tafinta ya yi zafi. Sai ya ce an cim ma haka ne saboda an rage kuɗin sarrafa kaya, an kuma sake fasalin hanyoyin samo kayan aiki. A nan ta yi kasaƙe. Ta ji kowace kalma, amma da ta haɗa su sai ta rasa abin da suke nufi. Idan ciniki ya ƙaru, ai aikin ma ya ƙaru. To ta ina aka rage?

Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa ɗaga hannu a taro ba. Bana ta ɗaga.

"Ɗana," ta ce da aka miƙo mata abin magana, "ni daga Lipovac nake. Tattasai nawa za ku saya a kwarinmu bana?"

Ya yi murmushi har kunne. "Inna, mun gode ƙwarai da wannan tambaya. Manoman kwarinku suna cikin tarihin wannan Kamfani, kuma ba za mu taɓa mantawa da su ba. Cikakken bayani yana shafi na tamanin da bakwai."

Aka sake tafawa. Ta zauna ba ta san an amsa mata ko ba a amsa ba. Ta taɓa tsohon da ke gefenta ta ce, "Malam, me ya ce?" Ya ce, "Yabonku ya yi mana. Kin ji ko yau akwai gasasshen nama?"

A bakin ƙofa aka miƙo mata jaka, saura kaɗan ta suɓuce mata don nauyi. A cikin bas ta buɗe shafi na tamanin da bakwai. Lambobi ne jere a layi-layi, wasu an kewaye su da baka biyu, ba ta ga kalmar tattasai ko sau ɗaya ba. Ta juya littafin ta duba shafi na saba'in da takwas, ko ita ce ta ji a baibai. Can hoton wasu yara ne suna cin biskit.

Rana ba ta faɗi ba ta iso. Ɗakin girkinta ya cika maƙil, faccalarta Zagorka ta riga ta dafa wa mutane kofi da garin Budimkar ba tare da ta tambaya ba, kamar yadda ta saba. Mijin Zagorka, Radoslav, ƙanin marigayi Vukashin, shi ya tarbi jakar tun daga ƙofa.

"Kai! Matar yaya, duwatsu suka zuba miki?"

"Ajiye min kayana kafin ka fasa. Hannunka ba ya riƙe komai sai kofin barasa."

"To ai shi bai taɓa faɗuwa ba."

Aka share tebur, aka ɗora koren sikeli, aka ɗora jaka. Allura ta wuce uku, ta wuce biyar, ta yi rawa ta tsaya a bakwai da ɗigo biyu. Ɗaki ya kaure da ihu. Radoslav ya cire hula ya buga a tebur.

"Bakwai! Gobe-goben nan zan karɓi hayar gonar bakin rafi. Zagorka, bana sai kin gaji da ƙirga buhu."

"Ka bari ta yi magana mana, sarkin gaggawa," in ji Zagorka. "Budimka, a cika gona ko?"

Ya kamata ta ce e, a watse. Sikeli ya faɗa, littafi ya faɗa, shugaba ma ya faɗa da bakinsa. Amma hankalinta bai kwanta ba, ta kuma rasa dalili. Don ta samu abin yi da hannunta sai ta fara fito da kayan jakar. Taliya, biskit, gwangwanin wake, sai manyan kwalaben aivar guda huɗu, da tsohon hoton nan na mace mai ɗankwali tana riƙe da kwandon tattasai. Ta murɗe murfin ɗaya, ta jawo cokalinta na Kamfani daga aljihun tebur, ta kai baki.

Ta daɗe ba ta haɗiye ba.

Babu ƙanshin hayaƙi. Zaƙin da ke ciki na sukari ne, ba na tattasan da ya nuna a rana ba. Ruwa-ruwa ne an kaurara shi da wani abu. Ba mummuna ba ne, mutumin birni zai lashe kwalbar tas ya nemi ƙari. Amma wannan tattasai bai taɓa ganin ƙasar kwarinmu ba. Ta sake ɗiba daga kwalba ta biyu, ko harshenta ne ya tsufa. Duk ɗaya.

"Lafiya?" in ji Zagorka. "Kin yi zuru kamar kin haɗiyi ƙuda."

"Ɗauko tabaranki ki karanta min ƙananan rubutun nan na baya."

Zagorka ta kai kwalbar kusa da taga, ta karanta a hankali tana bin layi da farce. An sarrafa, an ɗura, domin Kamfani, a wata ƙasa da babu ɗayanmu da ya taɓa takawa.

"To sai me?" Radoslav ya ce. "Wataƙila kwalbar ce aka yi a can. Ni dai bakwai na gani da idona. Ke kika koya mana awon nan, yau kuma ki ce mu bi cokali?"

Wannan magana ta soke ta, don gaskiya ce. Ta miƙa masa cokalin. Ya lasa, ya yi tsam, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka cokali ya zagaye ɗakin. Mutanen nan ba su san shafi na tamanin da bakwai ba, amma da aivar aka yaye su. A ƙarshe cokalin ya dawo hannunta.

"Ni fa ban gane ba," in ji Zagorka. "Kamfanin karyewa ya yi?"

"Lafiyarsa lau. Bai taɓa samun shekara irin wannan ba."

"To in lafiyarsa lau, me ya sa ba zai sayi tattasanmu ba?"

Budimka ta dubi sikeli, ta dubi littafi, ta dubi kwalba. Shekara ashirin da biyu tana auna lafiyar Kamfani tana faɗa wa mutane tasu, don ba ta taɓa kawowa a ranta cewa abu biyu ne daban ba. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko ranar da aka yi mata tsawa a gaban ma'aikata.

"Ina jin," ta ce a hankali, "rashin sayen ne ya sa yake lafiya."

Radoslav ya ɗauki hularsa ya mayar a kai. Muryarsa ta sauka. "To matar yaya, nawa za mu shuka?"

"Abin da za ku ci, da abin da za ku iya kaiwa kasuwa da kanku. Kada ka karɓi gonar nan, Radoslav. In na yi kuskure ku zage ni har kaka. Na fi son haka da in ga kuna zuba wa aladu."

Gida takwas suka bi maganarta. Uku suka ce sikeli bai taɓa yi musu ƙarya ba, suka cika gona. Radoslav ya kwana biyu yana kai-kawo a bakin rafi, sannan ya haƙura. Tihomir bai zo ba sai bayan Mladenci da mako guda, ba jaka ba takarda. Ya sha kofi a tsaye, ya ce bana an dakatar da yarjejeniya, na ɗan lokaci ne, shi ma daga sama aka faɗa masa. Bai iya haɗa ido da kowa ba. Gidajen nan uku har yau gaisuwarsu da Budimka sama-sama ce, suna cewa ita ta fara ɗora su a kan sikeli. Ba ta ce sun yi ƙarya ba.

A watan Yuni mai raba wasiƙu ya kawo mata ambulan mai tambarin Kamfani. Rabon ribarta ne na hannun jari arba'in da uku, ya ninka na bara har da ɗori, da takardar godiya a kan amincewar da ta ba su. Tana zaune da ita a hannu Zagorka ta shigo aron gishiri.

"Me aka aiko?"

"Rabona. Kuɗin tattasan da ba su saya a wurinmu ba."

"To murna za mu yi ko kuka?"

"Da na sani ai da tuni na fara ɗaya."

Koren sikelin yana nan kan tebur tun ranar, ba ta mayar da shi rumfa ba. Hannunta ne ya yi abin da ya saba, ta ɗora ambulan ɗin a kai, su biyun suka sunkuya suna kallo. Allurar ko motsi ba ta yi ba.