Liƙin Goggo Fifita

Kowa a unguwarmu ta Kolomotu'a ya san Kalolaine mai ɗinki. Bakinta bai taɓa mutuwa a gaban kowa ba, sai a gaban Fifita, yayar marigayi mijinta. A wajenmu goggo ce gaba da kowa a gidan ɗan'uwanta, ba mai ce mata tashi ko zauna.

Ɗan Kalolaine, Siosaia, ya fara kaɗa fiyano a coci tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Da ya girma, wata makarantar kiɗa a birnin Auckland, can ƙetaren teku, ta turo malama ta saurare shi yana wasa shi kaɗai a gaban jama'a. In ya burge ta, zai yi karatu kyauta. Washegarin wasan jirginta zai koma.

Kalolaine ta ɗaura ɗamara. Ta kama zauren coci, ta nemo mai gyaran fiyano, aka gasa alade, aka dafa doya.

"Mama, abu ɗaya nake roƙo," in ji Siosaia. "Kada a taso yi mini liƙi ina cikin kiɗa. Ki gaya wa Goggo."

"Kai dai ji da yatsunka. Goggonka ai a tafin hannuna take."

Cika baki ne. Ta yi ta zarya gidan Fifita, ta sha shayi, su yi hirar tsadar yadi, ta dawo da maganar a cikinta.

Ranar wasa zaure ya cika. Yaron ya shiga wani kiɗa mai sanyi, kowa ya yi tsit. Sai Fifita ta miƙe.

"Ikon Allah! Ɗan ƙanena na zuba kiɗa, kun zauna kamar gidan makoki?"

Ta rangaɗa guɗa, ta taka har gabansa, ta cusa masa kuɗi a wuyan riga, ta yafa masa ƙaton zanen ɓawon itace. Zanen ya zamo ya rufe masa hannuwa. Mata suka biyo ta ɗuu. Siosaia ya lallaɓa kaɗan, ya ɓata, ya tsaya.

Malamar ta yi tafi, ta ce abin ya ƙayatar. Gurbin karatun dai wani aka ba.

Yanzu Siosaia na aiki a tashar jirgin ruwa, ran Lahadi ya kaɗa wa coci. Bai taɓa tayar wa uwarsa da zancen ba, kuma shirun nan ya fi zagi ci mata rai. Ni kam na ɗora laifin a kan Fifita, har na faɗa wa Kalolaine haka ranar da na je karɓar ɗinki.

Ta tsayar da keken ɗinkin. "Ƙawata, bar Fifita, ba wanda ya gaya mata. Ni da na sani fa? Da matan suka tashi, ni ma na tashi. Na yi rawa har da juyi, kuma daɗi nake ji. Sai da na waiwaya na ga yana kallona."