Tulun Genzo da Dutsen Tekun Arewa

Shekara ashirin da shida Hirasawa Tomie ta yi tana tsaron laka, kuma duk wanda ya yi mata dariya sai ya sha harara. Jiragen bincike ne ke haƙo lakar daga ƙarƙashin tekun arewa mai ƙanƙara, cikin dogayen bututu, a jibge a ɗakin sanyi na bayan tashar jiragen ruwa. Ita ke tsagawa, ta share, ta jera. Da can kifi take gyarawa, don haka ita da sanyi tsofaffin maƙwabta ne.

Abin da ke cin ranta daban ne. Mijinta Genzo, masuncin ƙaguwa, ya faɗa wannan tekun tana da shekara talatin, ko takalminsa ba a gani ba. A garinsu in an ƙone mamaci, dangi kan tsaya bibbiyu, kowa da dogayen tsinkayensa irin na cin abinci, su ɗauki ƙashi guda tare su sa a tulu. Tulun Genzo babu komai a ciki, Tomie kuwa ta rantse in ta mutu ba za a ajiye ƙashinta kusa da tulun wofi ba.

Jefi-jefi akan ci karo da wani dutse a cikin lakar, mai ruwan zuma. Ba ya samuwa sai inda ruwa ya kusa daskarewa, shi ya sa masana ke rububinsa, don shi ne shaidar cewa an yi sanyi a wancan zamani. Amma ba ya shiri da ɗumi. In ya ji shi sai ya yi gumi, ya yi fari, ya marmashe. Tomie da tsinken cin abinci take ɗaukarsa, wanda take ajiyewa a firiza, har ta koya wa kowa haka.

Wata safiya suna tsaga bututu ita da Dakta Kuramochi, masaniya mai rawar kai, sai ga dutsen, tsawonsa ya kai ɗan yatsa. Tomie ta ɗago shi, ya fara zamewa.

"Inna, zai faɗi!" in ji Dakta, ta kai nata tsinken ta cafe.

Sai ga su biyu tsaye, riƙe da abu guda. Ba ka jin komai sai gurnanin injin sanyi. Nan take Dakta ta gane abin da suka yi.

"Wayyo, Inna, ki yafe ni. Na yi abin da ake yi wa matattu."

"Kada ki saki," in ji Tomie, da wata murya da Dakta ba ta san ta da ita ba. "Daga ina aka haƙo wannan?"

Dakta ta karanto mata sunan wurin daga jikin bututun. Tomie ta lumshe ido, don a nan jirgin su Genzo yake kamu.

"Haba Inna, lakar nan ta girmi kakan kakanki."

"Ke da karatunki! Wa ya tambaye ki shekarunsa?"

"Shekara huɗu fa ina neman dutse mai girman nan," in ji Dakta.

"Ni talatin da uku ina neman ƙashin mijina, 'yar nan."

Dakta ta dubi tiren ƙanƙara da ke gefenta, taku ɗaya ne dutsen ya tsira. Ta dubi tsohuwar. Tsoro ya kama ta, tausayi kuma ya fi shi ƙarfi. Haka suka fito kafaɗa da kafaɗa, ba wadda ta saki, har ɗakin shan shayi, suka ɗora shi a kan farin hankici inda rana ke shigowa.

Suna zaune ya fara tsattsafo da ruwa. Launin zumar ya dusashe kaɗan-kaɗan, hankicin ya jiƙe. Kafin rana ta take ya yi fari fat kamar ƙonannen ƙashi, ya tsage gida uku da wata 'yar ƙara wadda duka biyun suka ji.

Tomie ta naɗe hankicin a hankali, ta rungume shi a ƙirji.

"Ka daɗe, maigida," in ji ta. "Sannu da sanyi."