Rediyon Baba Ɗanjuma

A tashar Sule Tankarkar wani dattijo yana zaune gindin darbejiya, rediyo manne a kunnensa. Rigarsa ta yadin jam'iyya ce. Wanki ya cinye fuskar ɗan takarar da ke ƙirjinta, sai haƙoran kawai suka rage suna murmushi. Yana gyaɗa kai, leɓɓansa na motsi kamar mai bin liman.

Wani ɗan acaɓa ya tsaya, ya rusuna. "Baba Ɗanjuma, ƙaninka yana asibitin Gumel, jiki ya yi tsanani. Sunanka yake ta kira. In kai ka?"

Mai shayin da nake zaune wurinsa ya raɗa mini cewa tun da ƙanin ya sauya jam'iyya ba su ƙara gaisawa ba.

Dattijon ya ƙara danna rediyon a kunne. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ba a ba mu umarni ba tukuna, ɗana."

Ina tsammanin dattijon ne ya goyi ƙanin nan suna yara. Da na tashi zan shiga mota, sai na ga bayan rediyon a buɗe. Babu batir a ciki, zanzaro ya yi gida a wurin. Har yanzu dattijon yana gyaɗa kai.