Mai Ful a Birnin Landan

Littafin ba shi da bango. Wani ne ya kawo ɗinki shagon baban ƙawata ya manta da shi. Babanta tela ne ɗan Fakistan a layinmu na Hindawiyya, ita kuwa a Jidda aka haife ta, kamar ni. Ba ta taɓa ganin Lahore ba, ban taɓa ganin Kano ba, amma iƙamarta da tawa, wato katunan izinin zamanmu, sun rantse cewa mu baƙi ne.

Turancina ko ruwan sanyi ba zai sayo min ba, don haka ita ke karantawa tana juya min da Larabci. Bayan la'asar sai mu hau rufin gidanmu mu fake a inuwar tankin ruwa. Iskar teku tana manne wa fata kamar zuma. Can nesa ƙarafunan ɗaukar kaya na tashar jiragen ruwa suna sunkuyawa a hankali cikin hazo, ni kuwa ina lumshe ido ina tafiya Ingila kyauta.

Labarin wata yarinya ce da aka haifa a Landan, iyayenta 'yan Fakistan. A makaranta kullum ana tambayarta asalinta, a gida uwarta na kukan ta zama Baturiya. Na ce wallahi marubucin nan ya taɓa kwana a gidanmu, don kakata ta ce Hausata kamar ta mai tauna tsakuwa.

Sai Landan ta fara canzawa. Da farko ƙanƙara ta daina sauka. Bayan kwana biyu aka fara zufa. Sannan wani mai ful, dafaffen waken nan da muke karyawa da shi a Jidda, ya bayyana a bakin layin yarinyar, da ƙatuwar tukunyarsa da dogon ludayi, yana yi wa yara tsawa. Na ƙyale ta, don Landan ɗin nan ta fi min daɗi. Har kyanwar layinsu mai ido ɗaya ce, irin tamu.

Wata Laraba ta karanta cewa kafilin baban yarinyar, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardun zama, ya rufe shago, an buga musu hatimin fita ƙasar ba dawowa.

Na buɗe ido. "Ke, a Landan akwai kafili?"

"Akwai."

"Da mai ful?"

"Babban gari ne, ya shekha. Komai akwai."

"Nuna min wurin."

Ta ɗora yatsa a tsakiyar shafi. Na duba. Shafin da muka tsaya a kansa tun makon jiya ne, ga ma ɗigon shayina a gefe. Ba ta juya ko ɗaya ba.

"Yaushe za ku tafi?" na ce.

"Ƙarshen wata." Tana kallon tankin, ba ni ba. "Gwaggona ta Lahore ta ce ta gyara min ɗaki. Wai in dawo gida. Ta ina ake dawowa wurin da ba a taɓa zuwa ba?"

Na fizge littafin. Na gyara murya irin ta mai karanta labaran duniya, na fara: yarinyar ta hau mota za ta filin jirgi, sai taya ta fashe. Aka canza, sai garken raƙuma dubu ya tare titin Landan, kowane da laima.

"Ƙarya kike, jahila!"

"Ga shi a rubuce. Ke kika fi marubucin sani?"

Ta yi dariya har da share ido da gefen mayafi, ta ce in ci gaba.

Haka na riƙa yi kowace la'asar. Na ɓatar da fasfo, na sa matuƙin jirgi ciwon haƙori, na aurar da direba a hanya aka yi kwana uku ana biki. Yarinyar nan ta zagaye Landan kaf ba ta isa ko'ina ba.

Ranar ƙarshe ta hau rufin da sabon takalmi. A ƙasa babanta na ɗaure akwatuna a kan mota. Na buɗe littafin, na shirya ambaliya.

"Halas, ya isa haka," ta ce a hankali. "Kai ta filin jirgin. Ina so in ji yadda za ta yi."

Na daɗe ina kallon baƙaƙen da ban iya ba. Sannan na kai ta. Na ba ta kujerar gefen taga, na sa teku ya yi shuɗi a ƙarƙashinta, na ce gwaggon tana da kirki kuma ta iya shinkafa. Ina cikin saukar da jirgin babanta ya danna ham, ta miƙe.